RANAR DA GWAGGO TA ZAMA ƘANWAR ƊAN CIKINTA

Na san da yawa daga cikinku kun buɗe shafin nan ne da zaton za ku tarar da labarin soyayya kamar yadda aka saba. To ku yi mini afuwa, yau babu saurayi, babu Alhaji, babu kishiya. Labarin wata tsohuwa na kawo muku, da wani ɗan koren littafi wanda bai fi tafin hannu ba, amma sai da ya sa ni hawaye a bainar jama'a, ya kuma cinye mana akuya sukutum da 'ya'yanta biyu.

Mu mutanen Durba ne, cikin ƙaramar hukumar Kibiya a ƙasar Rano. Ni dai a birni na yi sakandare, a nan kuma nake zaune, amma cibiyata tana can. A can ne gwaggona take, wato yayar mahaifina. Ba zan faɗi sunanta ba, don ta ja mini kunne a kan kada in kuskura in saka ta a cikin "littattafan nan naku". Amma domin labari ya tafi daidai, mu ƙaddara sunanta na yanka Hadiza, kuma da yake ranar Lahadi aka haife ta, duk gari da Ladi aka san ta.

Gwaggo mai man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, tana kuma ɗan taɓa kiwo da adashi. Tun da Allah ya yi wa maigidanta rasuwa ba ta da wani zance sai na ta ga ɗakin Allah da idonta, ta ziyarci Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. To amma kujerar Makka a 2025 ta haura naira miliyan 8, ina mai ƙuli ina wannan kuɗi? Sai Allah ya buɗa wa ɗanta na fari, wanda muke kira Yaya Babba, mai harkar hatsi a Dawanau. Ya ce ta kawo abin da ta tara shi zai cika, amma a fara yin fasfo tukuna, tunda ba a maganar kujera sai da shi. Shi ba shi da lokaci, sai aka ce ai ga 'yar boko nan mai zaman rubuce-rubuce, ta je ta raka ta. Haka na tattara na nufi Durba a watan Yuli na 2025, damina ta kankama, gero ya fara ɓoye mutum.

Kafin in tafi sai da na yi tambaya, don matambayi ba ya ɓata. Aka ce mini tun watan Janairu na 2024 hukumar shige da fice ta mayar da neman fasfo ta intanet. Mutum zai shigar da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN mai lamba 11, nan take sunansa da ranar haihuwarsa za su fito daga rumbun hukumar katin ɗan ƙasa. Sai ya ɗora hotonsa, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar shi ɗan asalin ƙaramar hukumarsa ne, wadda muke ce wa indijin. Ya biya kuɗi, ya zaɓi rana, sa'annan ya je ofis da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A lokacin, mai shafi 32 na shekara 5 naira dubu 50 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma dubu 100. Na ce a raina, wannan ai aikin sati guda ne.

Indijin ba ta ba mu wuya ba. Muka bi ta hannun mai unguwa da dagaci, muka je sakatariya a Kibiya, aka rubuta mata da sunanta na yanka da na mahaifinta. Kashegari muka wuce Rano, muka shiga wani kafe, na miƙa wa yaron da ke wurin 'yar takardar NIN ɗin da Gwaggo ta ƙulle cikin leda uku. Ni ban ma duba ta ba, kuskurena na farko ke nan.

Yaron ya danna, ya dubi kwamfuta, ya dubi Gwaggo, ya sake duban kwamfuta. Ya ce, "Hajiya, wannan ce mai lambar kuwa?"

Na ce, "Ita ce mana. Lafiya?"

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ga hoton Gwaggo nan sak, da tsagenta da komai. Amma suna Ladi, sunan uba kuma na marigayi mijinta aka sa. Ranar haihuwa, 1 ga Janairu 1980. Na yi shiru ina lissafi. Yaya Babba kowa ya san shekarar zaɓen Shagari aka haife shi, 1979 ke nan. Wato a wurin gwamnatin Nijeriya, ɗan da Gwaggo ta haifa ya girme ta da shekara guda! Wallahi ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, mene ne abin dariya?" Da na yi mata bayani sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ashe ni ce ƙanwa."

Yadda abin ya faru ba wani abin mamaki ba ne ga wadda ta san ƙauye. Za ku tuna a watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce duk layin wayar da ba a haɗa da NIN ba za a rufe shi. Hankalin kowa ya tashi, masu rajista suka bazu garuruwa da kwamfutocinsu, mutane suka yi dafifi. Gwaggo ta bi layi tun safe don kada a rufe mata layin da take gaisawa da jikokinta. Da aka zo kanta mai rajista ya ce suna, wata jikarta da ke riƙe da ita ta ce Ladi. Ya ce Ladi wa? Yarinya ta faɗi sunan kakanta, Gwaggo kuwa ta sunkuyar da kai, don ba ta taɓa kama sunan mijinta ba balle ta yi gardama a kansa. Ya ce shekaru fa? Ta ce Allah ne masani. Shi ke nan ya dubi fuskarta ya yanka mata arba'in da 'yan kai, ya ce na gaba.

Ku duba fa, mu Hausawa mace ɗaya sai ta tashi da suna huɗu. Ga na yanka, ga na rana irin su Ladi, Tani, Talatu, Larai, Lami, Jummai da Asabe. Ga na sakaya, idan sunan kaka ko na suruka aka mayar, a ce Uwani ko Iya ko Ummi. Sa'annan sunan yankan kansa yana da rassa: Fatima ta zama Binta, A'isha ta zama Indo, Hauwa ta zama Kulu, Zainabu ta zama Abu, Hadiza ta zama Dije. A tsakar gida duk wannan ado ne da kunya da sanin girman manya, kuma ni ba na fatan ya ɓace. Amma kwamfuta ba ta san kunya ba. A wurinta Binta daban, Fatima daban, kai ko harafi ɗaya ya bambanta, mutum biyu take gani.

Muna fitowa daga kafe sai wani mutum da tun ɗazu yake zaune a benci yana sauraronmu ya biyo mu. Tsaf-tsaf da shi, hula a karkace, ga jaka a hammata. Ya durƙusa ya gai da Gwaggo, ya ce shi wannan harkar ita ce sana'arsa.

Ya ce, "Iya, kada yarinyar nan ta wahalar da ke. Gyaran NIN doguwar hanya ce. Abu mai sauƙi, a bar shi yadda yake, a sake indijin da sunan Ladi, a je kotu a yi rantsuwa cewa a 1980 aka haife ki. Takardu su zama baki ɗaya, shi ke nan, fasfo ya fito. Wa zai tambaye ki a Makka?"

Gaskiya ni kam har zuciyata ta kwanta da shawarar, don na hango wahalar da ke gaba. Gwaggo ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce, "Yaro, rantsuwa ka ce?"

Ya ce, "Ai ta takarda ce kawai, Iya."

Ta ce, "To ni in tafi ɗakin Allah, guzurina na farko rantsuwa a kan ƙarya? Ranar da aka yanka mini rago ba Ladi liman ya raɗa ba. Kuma mutumin nan da aka rubuta, Allah ya jiƙansa, mijina ne, ba shi ya haife ni ba. Ubana yana da suna. In ba za a rubuta ni 'yar ubana ba, a bar tafiyar, Allah ya ga niyyata."

Ta gyara mayafi ta yi gaba. Nan fa na ji kunya ta rufe ni, hawaye ya zubo mini a tsakiyar titi, ni da nake taƙama da boko da islamiyya.

Mutumin bai haƙura ba. Da ya ga tsohuwa ta kuɓuce masa sai ya rage murya ya ce da ni, "Ke fa ƙanwata, ba kya son fita waje? Akwai aikin gida a Saudiyya, albashi da riyal. Fasfo da biza da jirgi duk ba ruwanki, sai kin fara aiki a riƙa cira." To a nan nake so ƙannena su buɗe kunne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya ce zai yi miki fasfo kyauta, a hannunsa fasfon zai zauna, daga nan ya koma hannun wanda zai kai ki gidansa. In shekarunki ba su kai ba ya ƙara miki, in suna ne ya canza, ranar da kika shiga uku a ƙasar mutane ko iyayenki ba za su iya nemanki da sunan da suka sani ba. Mu a Kano ba baƙon labari ba ne, kowace unguwa akwai wadda ta tafi da murna ta dawo da ciwo, akwai kuma wadda har yau shiru. Saboda irin wannan ne aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane a 2003, kuma tana da ofis a Kano. Na ce masa na gode, na bi bayan gwaggona.

Sai aka shiga neman shekarun Gwaggo na gaskiya, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi yi mini daɗi a duk tafiyar. Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma a zauren Baffa, babban wansu, wanda ido ya yi rauni amma ƙwaƙwalwa garau. Mutanen da ba su da kalanda, amma suna da abin da suke rataye shekaru a jikinsa. Ya ce lokacin da aka kashe Sardauna tana tatata, an riga an yaye ta. Na rubuta 1966. Ya ce da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira, ita ke kai masa abinci gona, shekarar nan ta fari da yunwa. Na rubuta 1973. Ya ce ana aikin madatsar ruwa ta Tiga samarin garin nan suna tafiya lebura, ita tana tallan gyaɗa. An ɗaura mata aure bayan kashe Murtala, wato bayan 1976. Can sai ya buga cinya ya ce, "Af! Ai ga magana. Da kaka ne, labari ya iso an naɗa sabon Sarkin Kano, Ado. Ba a yi mako ba Inna ta sauka, ranar Lahadi. Ni aka aika kiran ungozoma." Marigayi Alhaji Ado Bayero a watan Oktoba na 1963 ya hau gadon sarauta. Na buɗe tsohuwar kalanda a waya, muka ɗauki Lahadin da ta biyo bayan naɗin. Shekara 16 da 'yan watanni mai rajista ya zabge mata.

Sauran kuwa zirga-zirga ce, ba zan gajiyar da ku ba. Baffa da kansa muka ɗauka a mota ya je kotu ya yi rantsuwar shekarunta, tunda shi ya ga haihuwar. Aka karɓo takardar shaida daga hukumar ƙidaya, wadda ake ba manyan da ba a yi musu rajistar haihuwa suna jarirai ba. Aka yi wata rantsuwar ta suna, aka buga sanarwa a jarida. Sa'annan aka nemi gyara a hukumar katin ɗan ƙasa, inda gyaran ranar haihuwa kaɗai ya tashi naira 28,574 bisa farashin da suka sa a watan Mayu na 2025. Ga kuɗin mota, ga na abinci, ga na kafe. Mutumin birni zai tsallaka titi ya yi wannan, mu kuwa kowace takarda yini guda ce, kuma kowane yini Gwaggo ba ta soya ƙuli ba.

Muna cikin jiran gyara ya fito, a ƙarshen watan Agusta, sai muka ji a rediyo cewa daga 1 ga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira dubu 100, mai shafi 64 kuma dubu 200. Shekara guda ke nan da ƙarin da aka yi daga dubu 35 zuwa dubu 50. Yaya Babba ya bugo waya ransa a ɓace. Ya ce da an bi shawarar mutumin nan da tuni an gama a kan dubu 50, yanzu ga shi taurin kai ya ja an ninka. Da yake taubashina ne na ce masa, "Yi haƙuri Yaya, ka san halin ƙannen zamani." Bai yi dariya ba. Gwaggo da ta ji ba ta ce uffan ba, ranar kasuwa ta ba da akuyarta da 'ya'ya biyu aka kai, ta ce a cika da kuɗin, kada a ƙara tambayar "wancan yaron" ko kwabo a kan fasfo. Har yanzu a gidanmu akwai masu cewa wauta ta yi. Ni dai ba na cikinsu.

Wani abu da na lura da shi a wannan zama, yawancin matan da na tarar suna neman gyara, sunan miji ne matsalarsu. Wata ta sa sunan mijin fari a NIN, aure ya mutu, ta sa na biyu a banki, takardar makarantarta kuma da na uba. Ku tuna abin da ya faru a 2012, lokacin da aka tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kimanin dubu a filayen jirgin Saudiyya a kan maganar muharrami, har aka dawo da ɗaruruwa gida ba su yi aikin hajji ba. Cikin abin da aka ruwaito a lokacin har da rashin dacewar sunayen da ke fasfo da na mazan da suka rako su. Saudiyya ta sassauta sharaɗin muharrami a 2022, amma darasin suna yana nan. Ra'ayina, kuma na san wasu amare za su harare ni, mace ta riƙe sunan ubanta a kowace takarda. Shi ne abin da addini ya koyar, shi ne kuma wanda saki uku ba ya gogewa. In ana son shaidar aure, takardar aure tana nan. Af, tunda an zo nan, akwai masu tambaya ko dole sai da takardar izinin miji ake ba matar aure fasfo. A da haka ne, amma a 2009 wata babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke hukunci a ƙarar da Dakta Priye Iyalla-Amadi ta shigar, cewa wannan sharaɗi ya saɓa wa tsarin mulki. Wannan maganar ofis ce. Maganar gida kuwa, ba sai na gaya wa 'yar mutunci ta yi shawara da maigidanta ba. Yarinyar da ba ta kai 18 ba ita kam sai da yardar iyaye a rubuce.

Da gyara ya fito muka cika komai, aka ba mu rana. A Kano akwai ofishin fasfo a Farm Centre cikin birni, akwai kuma na Dawakin Kudu, wanda ya fi kusa da mu mutanen kudu. Ana saura kwana uku na tarar Gwaggo ta kwaɓa lalle za ta ƙunsa hannu, wai kada ta je gaban hukuma fari fat kamar mai takaba. Da ƙyar na ƙwace ƙwaryar. Lalle yana rufe zanen yatsu na'ura ta kasa karantawa, ko hukumar JAMB ta sha jan kunnen ɗalibai mata a kan haka, 'yan aji shida sai ku kiyaye. Dama yatsun da suka yi shekara hamsin suna murza ƙuli da surfe, zanensu ya riga ya sha jiki.

Tun asuba muka fita, muka bi ta Rano da Bunkure muka faɗa titin Zariya ta Karfi. A ofis wata jami'a ta gyara mata hijabi yadda goshi da haɓa za su fito sosai, ba wanda ya ce ta cire. Yatsa ɗaya sai da aka goge aka sake ɗorawa sau uku kafin ya kama. Da aka tambaye ta sunan magajinta sai ta dube ni, don har gobe ba ta kama sunan ɗan fari, ni na faɗa. Jami'ar ta karanto mata sunanta da na mahaifinta ta ce, "Mama, haka yake?" Gwaggo ta ce, "Sake faɗa in ji, 'yata." Aka sake. Ta ce, "Haka yake."

Daren da na dawo birni ban kwanta ba sai da na zazzage jakar takarduna a kan gado: ta firamare, ta jarrabawar fita sakandare, ta NIN, da ta banki. Kun san me na gani? A ɗaya sunana yana ƙarewa da "tu", a sauran babu. A ta firamare an rage mini shekara guda, aikin wani kawuna ne mai son a ce 'yarsa ƙarama ce ta gama. Ni ma ga ni a layin gyara. Don haka ƙanwata, yau ɗin nan ki ɗauko naki ki jera su, ki karanta harafi bayan harafi, tun ba ki da buƙatar fasfo, tun gyaran bai wuce zuwa ofishin shugaban makaranta ba. In za a cika miki fom na jarrabawa kada ki aika a cika, ki tsaya a kai. In an yi haihuwa a gidanku, ki matsa a karɓo wa jariri takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, dokar da ta wajabta haka tana nan tun 1992, mu ne ba ma bi.

Ranar da muka karɓo fasfo, Gwaggo ta sa na karanta mata shafin hoton nan har sau biyu a cikin mota. Da muka isa Durba mata suka cika gida ana ta shafa shi ana barka, wata ta ce saura haƙorin Makka. Yaya Babba ya aiko a kai masa ya adana a shagonsa har lokacin biyan kuɗin kujera. Gwaggo ta ce a gaya masa ranar da hukumar alhazai ta nema, ita za ta kai da hannunta. Ta naɗe shi a leda uku kamar yadda ta yi wa takardar NIN, ta buɗe babbar kwallar da ke can ƙasan jerenta, ta saka, ta mayar da murfi, ta ce in miƙo mata turmi gyaɗarta tana jira.